Injin Damben Don Nicanor

A unguwarmu ta Oblatos, cikin Guadalajara ta ƙasar Mexico, in rediyonka ya lalace ka kai wa Don Nicanor Zepeda, to ka yi ban kwana da shi tun daga bakin ƙofa. Zai dawo maka da shi yana magana, wannan kam ba a raina masa, sai dai tashar da kake so ba za ka ƙara jin ta ba, kuma za a miƙo maka kusoshi uku a cikin takarda a ce kamfani ne ya saka su ba gaira ba dalili. Don ɗin nan lakabin girma ne da muke sa wa magidanta, Doña kuma na mata. Shi dai mutum ne gajere mai tumbi, da gashin baki da yake shafa wa mai, kuma bai taɓa ganin wani abu da aka ƙera a duniya ba face ya ce shi ma ya yi tunaninsa tun da daɗewa, lokaci ne kawai bai samu ba.

A shekarar 1993 ba abin da ake zance a layinmu sai injin damben nan da ya zo daga Japan, wanda samari suka laƙaba wa suna Dunƙulen Wuta. Dogon akwati ne mai talabijin a ƙirji, da sanda biyu da maɓallai, ka jefa tsaba ka zaɓi ɗan dambenka ka hau ɗan uwanka da duka ba tare da an kai ku gaban 'yan sanda ba. Wani Don Fausto ne mai shi, ya ajiye shi a kusurwar shagon Doña Cuca mai sayar da tortiya, wainar masarar da muke cin abinci da ita, dab da ƙofa, inda layi yake bi. Wannan kusurwa kuwa ta fi kowace daraja a unguwar, domin babu gidan da ba ya aikowa a sayi tortiya kafin abincin ƙarfe biyu, kuma duk wanda aka aiko da canji a hannunsa yake fita.

Direbobin bas, kanikawa, 'yan makaranta, kowa ya san dokar wurin. In kana son karawa da wanda ke kan sanda, sai ka ɗora tsabarka a gindin gilashi, ka yi reta ke nan, ba mai tsallake ka kuma ba mai ƙin ka. Doka ta biyu ta fi ta farko tsauri. In ka ci mutum a zagayen farko, sai ka saki sanda a na biyu ka bar shi ya ci, a je na uku a yi ta ta ƙare. Zagayen kara muke ce masa. Wanda ya ƙi bayarwa, ko gaisuwarsa ba a amsawa a layin.

Ranar wata Litinin maɓallin naushi ɗaya ya maƙale. Ɗaya tal. Don Nicanor yana kan layi da tsumman naɗe tortiyarsa a kafaɗa, sai ya fito ya ɗaga hannu.

"Kada a kira kowa. Minti biyar."

Bayan awa guda, in ka tura sanda gaba sai ɗan dambenka ya tsuguna, in ka ja baya ya yi tsalle. Bayan awa biyu wani ƙauri ya cika shagon, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Don Fausto ya zo da akori-kura ya ɗauke injinsa, ya ce sai Litinin ta sama kayan gyara za su iso daga babban birni, sannan ya faɗi wasu kalmomi game da dangin Zepeda waɗanda ba zan maimaita ba.

Kafin Laraba layin Doña Cuca ya rame. Duk wanda aka aika sai ya zarce shagon da ke bayan kasuwa, inda suke da nasu injin. Ita kuwa Doña Cuca mace ce mai damtse, shekara talatin tana ɗaga ƙullun masara, ba ta da yawan magana. Da ta hango Don Nicanor ya shigo yana fito kamar ba abin da ya faru, sai ta ajiye ma'auni ta zuba masa ido.

"Ba laifina ba ne, Doña Cuca," ya ce tun ba a tambaye shi ba. "Aikin Japan ne, sama-sama suke yi. Na buɗe cikinsa na gani, ba komai sai ƙura da wayoyi. Ni da zan zauna, a kwana uku zan ƙera wanda ya fi shi."

"Kai?"

"Ni, Nicanor Zepeda. Kuma ba zanen yara ba. Mutane na gaske za a gani suna dambe, 'yan unguwar nan. Su mutanen Japan su sayi tikitin jirgi su zo su koya."

Mata uku da ke kan layi suka sunkuyar da kai suna dariya a cikin mayafi. Doña Cuca ba ta yi dariya ba.

"Asabar, ƙarfe ɗaya," ta ce. "In ya tara mini mutane, kusurwa taka ce, Fausto ya nemi wani wuri. In kuwa shirme ne, ko ƙwan fitila ba za ka ƙara taɓawa ba a layin nan. Ni da ƙafata zan bi gida-gida in faɗa."

"Ki fara share kusurwar," in ji shi.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Don Chon mahauci. Shi Chon ƙaton mutum ne mai sanyin hali, kuma shi ya riƙe Maribel 'yar Nicanor ranar baftisma, saboda haka kompadre suke kiran juna, kuma tun daga ranar bai ƙara iya ce wa Nicanor a'a ba.

"Kompadre, mene ne wasan dambe?" Nicanor ya tambaya, ya kuma amsa da kansa. "Mutum biyu na dukan juna a talabijin, wasu biyu na jijjiga sanda a waje. Shi ke nan asirin Japan. Mu ɗauki kanmu a kaset, in sa bidiyo a cikin akwati, in riƙe rimot a aljihu."

"To sandar fa, da me za a haɗa ta?"

"Da ƙararrawar ƙofa. Mutum in ya danna ya ji ƙara, ransa ya yi fari."

Chon ya goge hannu a rigar aikinsa ya yi tunani. "Amma ai kullum mutum ɗaya ne zai riƙa ci."

"Ni ne kan sanda ta farko, ni ne kuma gwani. Ina abin mamaki?"

"Daga baya fa, in wasu biyu suka ce su za su kara?"

"Daga baya in na kama kusurwa sai in zauna in ƙirƙiro na gasken. Kai dai kawo kyamararka."

Kyamarar irin manyan nan ce da ake saɓawa a kafaɗa, ƙanin Chon ne ya aiko masa daga Chicago. Ranar Alhamis da hantsi, bayan Doña Ofelia matar Nicanor ta tafi kasuwa, suka haura da ita saman rufin gida, inda ake shanya. Sai da suka kafa ta a kan kifaffen baho sannan suka tuna babu kaset a ciki. Nicanor ya sauka da gudu, ya dawo da wani mai ɗaure da kirtani ruwan hoda.

Chon ya ja da baya. "Kompadre, wannan ai na bikin Maribel ne."

Haka ne kuwa. Kaset ɗin bikin cikarta shekara goma sha biyar ne da aka yi bara, kuma shi kaɗai ne a duniya. Duk baƙon da ya taka gidan sai Doña Ofelia ta zaunar da shi ta sa masa, yana so ko ba ya so, in an zo wurin rawar uba da 'ya kuma ta yi hawaye.

"Huɗubar Fada a coci ce a farko, minti arba'in," in ji Nicanor yana manna salatif a kan ramin da ke hana a goge kaset. "Ko Ofelia tura ta gaba take yi. Taimaka mata ma zan yi."

Ya cusa kaset ya danna ɗauka. Injiniya guda, amma bai duba inda zaren ya tsaya ba.

Ya fito cikin shirinsa: abin rufe fuska na 'yan kokawa mai ruwan azurfa, gajeren wando, da alkyabba da ya yanko daga labulen ɗakin baƙi. Chon kuma aka bar shi da rigar fawarsa. Saura ma'aunin rai, jan layin nan da ke saman gilashi yana raguwa in an doke ka. Nan ne Nicanor ya nuna basira. Ya sa Chon ya kawo choriso, jan naman nan da ake ɗurawa a hanji, suka rataye shida ta hagu shida ta dama a kan igiyar shanya. In an doki mutum, sai a tsayar da kyamara, a cire ɗaya daga ɓangarensa, a ci gaba.

A bugun ƙafa na farko wandon Nicanor ya yage tun daga baya har gaba. Aka tsaya aka kama shi da fil. A na biyu alkyabbar ta naɗe masa fuska, ya kai wa tankin ruwa naushi, ya zauna yana hura yatsu. Suna cikin haka Chon ya ɗaga kai ya dubi igiya.

"Kompadre, ranka saura biyu, ni kuwa ko taɓa ka ban yi ba."

Canelo ne, karen Nicanor da ke zaune a rufin, yana tsaye a kan buhun siminti yana lashe baki. Aka ɗaure shi a jikin bututu, Chon ya sauka ya ɗebo wasu huɗu yana gunaguni.

Da ƙyar aka gama zagayen farko, Chon ya kwanta a ƙasa ya miƙe ƙafafu kamar yadda aka umarce shi. Ya tashi yana kaɗe jiki.

"To yanzu nawa ne. Zagayen kara."

"Wace kara?"

"Na biyu mana. Ka ci na farko, sai ka bar ni in ci. Ko ka manta dokar layi?"

Nicanor ya gyara alkyabba. "Kompadre, wannan kaset tarihi ne. Jikokina za su gani. Kana so su ga kakansu a kwance mahauci na tsaye a kansa? Zakara ko a wasa ba ya faɗuwa."

"Mutane za su yi magana fa."

"Za su yi, za su ce ba su taɓa ganin gwani irina ba. Koma wurinka."

Haka aka ɗauki zagaye na biyu, Chon ya sake kwanciya, wannan karon a kan kashin tattabara. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma Nicanor ya ce wasan dambe ba ya cika sai da jifan wuta, tunda na Japan yana da shi. Ya dunƙule tsumma ya jiƙa da kananzir, ya ba Chon murfin tukunya ya sa a ƙarƙashin riga, ya ce ya tsaya ƙyam ya tare da ƙirji. Ya kunna, ya ɗauko da awartaki, ya yi wata kururuwa da ya ce Japananci ne, ya wurga.

Chon mutum ne mai iyali. Da ya ga wuta ta nufo shi, ya duƙa.

Dunƙulen ya haura katanga ya sauka a kan shanyar maƙwabciya, wato Doña Cuca, inda tsummokin tortiyarta goma sha biyu masu aikin allura suke shan iska. Kafin su gama watsa ruwa, huɗu sun tafi. Sai suka ji takun ƙafa a kan matakala, a hankali, ba gaggawa. Doña Cuca ta ɓullo, ta dubi shanyarta, ta dubi mutumin da ke sanye da labule. Ta sunkuya ta zare silifarta ta dama.

Sau uku suka kewaye tankin ruwa. Ta same shi a ƙeya, ta same shi a kafaɗa, ta same shi inda fil ɗin yake. Canelo ya ga hankalin kowa ya tafi, ya tsinke igiyar da aka ɗaure shi ya hau buhun siminti, ya shiga sauke chorison ɓangaren maigidansa ɗaya bayan ɗaya. A bugu na shida Nicanor ya yi baya-baya ya faɗa cikin bahon wanki, ƙafafu a sama, daidai lokacin da Canelo ya fizge na ƙarshe.

Doña Cuca ta mayar da silifarta. "Asabar tana nan," ta ce, ta sauka.

Chon ya leƙa kyamara, ya ga jar fitila tana ci. "Kompadre, duk ta ɗauka. Ka goge wannan."

"Zan goge. Wa ke injiniya a nan, ni ko kai?"

Bai goge ba. Juma'a gaba ɗaya a wurin fenti ta ƙare, yana zana fuskarsa a jikin akwatin katako, da damtse irin wanda bai taɓa mallaka ba, a sama kuma ya rubuta ZAKARAN OBLATOS. Da yamma ya ɗauke talabijin da bidiyon gida. Doña Ofelia ta tare shi a ƙofa.

"Ina za ka da su? Jiya lafiyarsu ƙalau."

"Ke kike ganin haka. Ni na ji wani tari a cikinsu."

"Labulen ɗakin baƙi fa, shi ma tari yake?"

"Ɓera ne. Zan ɗana masa tarko," ya ce, ya wuce da sauri.

Ranar Asabar tun sha biyu da rabi layi ya cika, domin labari ya zaga, kuma a Oblatos ba a barin kallon kyauta ya wuce. Don Nicanor ya iso cikin kwat, hannu ɗaya a aljihu. Ya yi jawabi na minti goma a kan koma-bayan Japan, sannan ya yaye zanen da ya lulluɓe akwatin, ya danna rimot a ɓoye.

Gaskiya ɗaya ce, da farko abin ya burge. Gilashi ya haska, sai ga rufin gida, sai ga mutum biyu sun ja daga.

"Kai, Don Chon ne!"

"Ga tankin su Maribel can. Wancan kuma ba choriso ba ne?"

"Ma'aunin rai ne," in ji Nicanor. "Na Japan ana iya ci?"

Rigo direban bas ne ya fara ɗora tsaba. Ya kama sanda ta biyu ya shiga danne-danne, ƙararrawa tana ta ƙara kamar baƙi ɗari sun iso gida ɗaya. Nicanor kuwa ya haddace kaset ɗin, yana karkata jiki daidai da kowane naushi.

"Don Nica," in ji Rigo, "na danna tsalle, mutumina ya sosa ciki."

"Ba ka iya ba ne. Wannan ba irin na Fausto ba ne da ko jariri zai danna. Sai da hikima."

Chon na cikin gilashi ya faɗi. Aka shiga na biyu, ya sake faɗi.

"Zagayen kara fa?" Rigo ya tambaya.

"Hannuna ne ya zame. Na gaba."

Wani gurnani ya taso daga cikin akwatin, na kaset mai komawa baya. Nicanor ya ce injin ne yake tunani. Yana gama tunanin, sai wani ƙaton hannu mai ƙanshin nama ya ɗora tsaba a gindin gilashi. Nicanor ya waiwaya ya ga Chon, fuska a murtuke, don tun ɗazu mata ke nuna shi suna cewa ashe girman banza ne.

"Kompadre," Nicanor ya raɗa masa, "ka fa san kaset ne."

"Na sani. Amma ko wannan karon a dace."

Ba a dace ba. Chon ya jijjiga sanda har akwatin na rawa, ya yi gumi, ya ga kansa ya kwanta sau biyu, ya koma gefe yana huci. Wani bakanike da ke leƙe ta saman kafaɗu ya ce, "Tattabarar nan ai ita ce ta wuce ɗazu, a daidai wannan naushin."

"Tattabarar unguwa ce," in ji Nicanor. "Nan take zaune, ina kake so ta je?"

Sai aka dare aka ba da hanya. Yesenia ce, mai sayar da magani a kantin da ke tsallaken titi, wadda tun zuwan Dunƙulen Wuta ba a taɓa tayar da ita daga kan sanda ba sai in maigidanta ya leƙo. Ta ɗora tsabarta a hankali, ta naɗe hannun farar rigarta. A zagayen farko tana dai taɓa sanda tana duban gilashi da gefen ido. Da Chon ya kwanta, ta juyo.

"Don Nica, sau biyu ke nan hannunka na zamewa. Don kada ya sake, ɗora su duka biyu a saman akwati."

"'Yata, wannan sabon inji ne, dokokinsa daban."

"Inji ne sabo, layin tsoho ne," in ji Rigo daga baya, mutane suka ce ƙwarai.

Doña Cuca ta leƙo daga bayan ma'auni. "A shagona ana ba da zagayen kara."

Nicanor ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga fuska ɗaya mai tausayi ba. Ya ɗaga hannuwa ya ɗora a saman akwatin. Zagaye na biyu ya fara. Nicanor na cikin gilashi, wanda ba wanda ya gaya masa an yi yarjejeniya, ya daka tsalle ya sharara wa Chon mari.

"Injin ya saba da hannuna," in ji na waje, gumi na bin gashin bakinsa. "Biyayya ce ta yi masa yawa."

Yesenia ta saki tata sandar. Ta miƙa hannu kan teburin Doña Cuca ta ɗauki tortiya mai zafi, ta barbaɗa gishiri, ta naɗe, ta jingina da bango tana ci. Ba kowa a kan sanda, ƙararrawa ta yi tsit, mutanen cikin gilashi kuwa suna ta fafatawa abinsu, choriso na raguwa, tattabara ta zo ta wuce.

"Ashe ni ma hannuna ya saba da shi," ta ce.

Nicanor ya cusa hannu a aljihu don ya kashe, ya ce wuta aka ɗauke. Yatsansa mai gumi ya sauka a kan wani maɓalli daban. Mutanen gilashi suka shiga gudu kamar tururuwa, wuta ta gifta, hayaƙi ya tashi. Ya sake dannawa a gigice, hoto ya daidaita. Sai ga Doña Cuca ta ɓullo daga matakala, tana zare silifa.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Yesenia ta yar da sauran tortiyarta ta cafke sanda ta biyu, kowane saukar silifa ta danna ƙararrawa. Jama'a na ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, Canelo na sauke choriso daidai da ƙirgen. A na shida Zakaran Oblatos ya faɗa baho, ma'aunin ransa ya ƙare ƙaf, wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki tana cewa a taimake ta. Chon ya share hawaye ya ce yau dai an rama masa.

Hoton ya yi yatsa-yatsa, sannan kiɗa mai taushi ya taso. Sai ga Don Nicanor cikin baƙar kwat yana rusunawa, ga Maribel cikin doguwar riga ruwan hoda tana sakin hannunsa, ana tafi. Daƙiƙa huɗu. Daga nan sai baƙi suna cin abinci.

Dariyar ta mutu a hankali, domin kowa a layin an taɓa zaunar da shi ya kalli kaset ɗin nan, kuma kowa ya san abin da ya kamata ya zo kafin tafin. Doña Ofelia tana tsaye ta biyar a layi, da tsummanta a hannu, Maribel a gefenta.

"Nicanor," ta ce. "Ina rawar?"

"Huɗuba na goge, Ofelia. Na rantse huɗubar kaɗai."

"Ranar Lahadi na tsayar da shi a bakin rawar, don in nuna wa ƙanwata in ta zo. Ka mayar da shi farko kafin ka ɗauka?"

Bai mayar ba kuwa. Daga baya an duba, huɗubar Fada tana nan ɗungurungum, minti arba'in, ko tari ɗaya bai ɓace ba.

"Mama, ki bar shi," in ji Maribel tana danne dariya. "Sau huɗu ya taka mini ƙafa a rawar nan. Ni dai an rufa mini asiri."

"Ba za a bar shi ba. Rigar tana nan, kyamarar kompadre tana nan. Gobe bayan coci za a sake rawar a tsakiyar titin nan, kuma da labulena a wuyansa zai yi ta, tunda ɓeran ya dawo da shi."

Nicanor ya juya zai tattara akwatinsa ya gudu kafin Doña Cuca ta fara bin gida-gida. Sai ya ga gindin gilashin ya cika da tsaba daga wannan gefe zuwa wancan, har ana ɗora wata kan wata. Rigo na cewa shi ne na farko, bakanike na cewa ƙarya ne, kowa na son ya riƙe sandar Doña Cuca. Ita kuwa ta fito bakin ƙofa ta miƙa wuya. Layi ya wuce kantin magani, ya sha kwana, har da mutanen bayan kasuwa da ta kwana biyu ba ta gani ba.

"Na ce in ya tara mini mutane," ta ce. "Ya tara. Kusurwa taka ce."

Nicanor ya miƙe, ya fara gyara gashin baki.

"Amma zagayena kaɗai za a riƙa sawa. Kuma kai ne kan sanda ta farko, kullum ƙarfe ɗaya, don ba wanda zai yarda ya riƙe ta."

Da Don Fausto ya dawo da injinsa ranar Litinin, a kantin magani ya samu wurin ajiye shi, abin da ya yi wa Yesenia daɗi ƙwarai. An sake rawar a titi kamar yadda Doña Ofelia ta ce, wannan karon sau biyu kawai aka taka ƙafa. Shi kuwa Don Nicanor wata huɗu yana tsayawa a kusurwarsa, yana kallon kansa yana faɗawa baho sau ashirin a rana, har zaren kaset ya gaji ya tsinke.

Har yau in baƙo ya zo unguwar, yakan kama hannunsa ya kai shi ya nuna masa kusurwar, ya ce nan ne injin Mexico ya kori na Japan. In baƙon ya riga ya ji labari ya tambaye shi zancen silifa, sai ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san dokar layi ba.

"Na ci biyu a jere," yakan ce. "Wancan zagayen kara ne na ba ta."